Ina Kika Ajiye Min Hulata?

A ɗakin jiran likitan ido, ana nuna shirin talabijin ɗin nan da matasan makaɗa ke ɗauko tsohon faifan wani mawaƙi su sake rera shi. Wata dattijuwa tana ta kaɗa ƙafa, sai kuma ta yi tsaki.

"Sun yi tsallake," ta ce wa matashin da ke kusa da ita.

"A'a, Mama, daidai suke. Na haddace faifan nan tas."

"Naka ka haddace. Bayan amshi na biyu akwai magana."

"Wace magana kuma? Ganga ce kawai a wurin."

"A kaset ɗinmu akwai. Wata safiya maigidana, Allah ya jiƙansa, yana saurin fita aiki, garin kashe rikoda ya danna wurin ɗauka. Ana tsakiyar waƙa sai ka ji shi: 'Wai ina kika ajiye min hulata?' Kwana uku ina fushi da shi."

Matashin ya yi dariya, sannan ya sassauta murya. "Kaset ɗin yana nan?"

"Rikoda ta cinye zaren tun bara. Amma duk inda aka sa waƙar, in an zo wurin sai in yi shiru in ba shi hanya."

Makaɗan suka sake komawa amshi. Su biyun suka yi tsit har gangar ta wuce.

"To Mama, a ina hular take?"

Ta goge ido da bakin mayafi, tana murmushi.

"A kansa take, ɗan nan. A kansa."