Sunan da Ba Ya Cikin Takarda

A bencin jira na wata ƙungiyar agaji a unguwar Zahir ta Makka, inda ake cika wa masu ƙaramin ƙarfi takardun neman tallafi kyauta, Ilham, haifaffiyar Makka, ta leƙa takardar matar da ke gefenta.

"Hajiya, afuwan. Na ji kin ce yaranki biyar, amma huɗu aka rubuta."

"Haka nake ba su kullum, 'yar nan."

"Na biyar ɗin ba shi da igama ne, katin izinin zama?"

"Yana da ita. Shi ne babban."

"To, me ya hana?"

"Malamin da ke cikawa sai ya ce in faɗi sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ni Rabi'atu, in buɗe baki in kira sunan ɗan fari a gaban mutane? A garinmu ba a yi."

"Wallahi? Yani ko sau ɗaya?"

"Shekararsa goma sha shida. 'Kai yaron nan' ya ishe mu."

"Ai da yawan yara ake auna tallafin! Tun yaushe?"

"Bana ta uku. Rabon huɗu muke ci mu shida, kuma shi ya fi kowa ci."

"Tayyib, kawo igamarsa. Bakina ba shi da wannan kunyar."

Matar ta miƙo katin tana kallon bango. Ilham ta karanta a fili: "Mukhtaru."

Matar ta ce ƙasa-ƙasa, "Ban ji sosai ba. Sake faɗa."