Sunan da Aka Laƙa Mini Yana da Mai Shi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barkanka da aiki.

Ni 'yar gudun hijira ce a Gusau. 'Yan bindiga ne suka taso mu daga wani ƙauye a ƙasar Bungudu. Kwanakin baya wata malamar jami'a mai bincike kan rayuwarmu ta yi hira da ni. Ta rantse za ta canza sunana, shi ya sa na saki baki, har na faɗi yadda wasu 'yan garinmu ke kai wa ɓarayin rahoto.

Jiya maƙwabciyata ta nuno mini rubutun hirar a waya, an wallafa shi a intanet. Malamar ta cika alkawari, amma ta bar sunan ƙauyen, kuma sunan da ta laƙa mini na ƙanwata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana can da 'ya'yanta, ba ta san komai ba.

Na kira malamar, wayarta a kashe. Jama'a, ina ake zuwa a goge wannan abu?

Malam, ka sakaya sunana. Amma don Allah kada ka ba ni na wata.