Farin Banyon da Ya So Cinye Mini Godiya

Salama gare ku cikin sunan Yesu mai ceto. Ku ja labulen nan da kyau. A hankali zan yi magana, amma zuciyata ihu take yi.

Ni ce Saratu, matar Bitrus direba. Da muka kama ɗaki a wani tsohon bene a unguwar Sa'alaba, nan Jidda, mun tarar da banyo a banɗaki, babban bahon wankan nan na ƙarfe mai farin shafe, duk ya tsattsage. Murna na yi! Kun san ruwan Jidda, sai ya ɗauke kwana da kwanaki ana jiran motar ruwa. Sai na mai da banyon randa. A ciki nake tara ruwa, a ciki nake jiƙa tsamiyar kununmu, in dirje shi da soson ƙarfe har ya yi ƙal. A ciki kuma nake wa 'yata Godiya wanka, in ɗebi ruwan a tafin hannu ta kurɓa, yadda iyayenmu suka yi mana don yaro ya yi ƙarfi.

Ta shiga shekara biyu sai ta fara canzawa. Ba zazzaɓi, ba tari. Sai dai ciwon ciki, ta ƙi abinci, ta yi fari fat. Yarinyar da ke cewa "Mama, ruwa" ta yi shiru, sai kallon bango. Na ji tsoro, 'yan'uwa, tsoro mai tsanani.

Ran da ta sanƙame a hannuna, maƙwabciyata Hajiya Zainabu, haifaffiyar garin nan, ta fizge ta. Na ce, "Hajiya, ba ta da iƙama, takardar izinin zama." Ta ce, "Iƙamar me, ya Saratu? Yalla, asibiti!"

Likita ya auna jini ya ce gubar dalma ce, kuma muddin ba a gano inda take samunta ba, magani aikin banza ne. Ya tambaye ni kwalli, ya tambayi tsohon fenti. Na ce babu. Maƙiyi yana cikin gidana, ban san fuskarsa ba!

Na dawo gida ɗaukar mata kaya. Banɗaki ne kaɗai inda nake addu'a da murya ba a ji a waje. Na durƙusa, na dafa bakin banyon, na ce, "Yesu, ni ban gani ba, kai ka gani. Nuna mini!" Na yi kuka har na gaji.

Da na ɗaga hannuwana, tafin duk farin gari kamar alli. Na duba inda na dafa, sai ga wurin da Godiya take gwaigwaya in tana tsaye a ciki.

Na kai garin asibiti a ƙullin leda. Shi ne! Likita ya ce tsamin tsamiya ma jawo dalmar yake daga shafen.

Godiya ta rayu, yabo ga Ubangiji! Maganarta tana nauyi har yau, amma ga ta nan, ita ce mai jan "Amin" bayan kowa ya gama. Na gode wa Yesu, ku ma ku riƙe shi, yana ji ko daga banɗaki.

Sai dai ku taya ni wata addu'a. Bitrus da abokansa sun fitar da banyon bakin titi, a kan za su dawo da guduma su fasa shi. Kafin su dawo, wani ya ɗauke. Yana wani gida a garin nan, cike da ruwa.