Arahar da ta ci ran ɗana

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa, da dukkan masu sauraro.

Makon jiya baƙonku ya yi bayanin bututun da ake tura dunƙulen gawayin ƙasa ta cikinsa. Ya ce gina shi babu riba, jigila da kamiyo, wato babbar motar kaya, ta fi araha. Na saurare shi har ƙarshe, sannan na ɗauki alƙalami.

Wata huɗu ke nan wani kamiyon gawayi ya lalace a bayan wata lanƙwasa, hanyar Jiratawa. Direba ya jera rassan itace a kan kwalta don gargaɗi, kamar yadda aka saba, ya tafi neman makaniki. Kwana biyu motar tana nan, har masu neman itacen girki suka kwashe rassan. Ɗana Mahamadu, malamin makaranta, ya taho a kan moto, wato babur, zai je aji, ya afka mata. A wurin ya cika. Ya bar mata da jaririya.

Na karɓi ƙaddara, amma ba zan karɓi sakaci ba. Ban ce dole a gina bututu ba. Roƙona ku sake gayyato baƙon, ku tambaye shi a madadina: da ya ce araha, ya san wa ke biyan cikon?

Malam Isufu, unguwar Zariya, Maraɗi.