Bijimin Siminti

A tashar Gwarzo, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, Hajiya Yelwa tana zaune a benci tana jiran mota ta cika, ta ƙura wa hoton 'yarta ido. Wani mai furfura a gemu da ke gefe ya leƙo.

"Hajiya, wannan ai gunki ne ta dafa."

"Wane irin gunki, Malam? Bijimin siminti ne a ƙofar jami'arsu. Zinnira ce, ranar da suka gama karatu."

"Ai shi nake nufi. Duk mai shiga jarrabawa sai ya shafa hancinsa, wanda ya gama kuma ya ɗaura masa ƙyalle a ƙaho. Da a Kano yake, da tuni an rushe shi."

Ran Hajiya ya sosu. "Ni 'yata da addu'a ta ci jarrabawarta. Hoto kawai ta tsaya aka ɗauka."

"Haka duk suke cewa. Mu gani." Ya karɓa, ya matso da shi kusa da ido. "Ashe har yau ba su gyara kunnen hagun ba."

"Malam, kai kuma ina ka san kunnensa?"

Ya ƙara duban hoton.

"Shekara biyu na yi ina shafa hancin nan. Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka daina ba ɗalibai abinci, na tattaro na dawo noma a Garo. Ban kai ga ɗaura ƙyalle ba."

Ɗan kamasho ya kwaɗa kira, mota ta cika. Hajiya ta miƙa hannu.

"Malam, hoton."

Bai sake shi ba. "Wannan koren, shi ne nata?"