Littafin da Babu Jaki a Ciki

A teburin mai sayar da littattafai, wani magidanci yana ta jujjuya littattafan yara masu hotuna, wata dattijuwa ta matso.

"Ɗauki wannan, ɗana. Dabbobi ne ke yi wa juna sai da safe."

Ya buɗe, ya yi maza ya rufe. "Akwai jaki, Mama. 'Yata ba ta barci sai na yi kukan kowace dabba. Har maƙwabta sun kai ƙarata wurin mai gidan, wai ina kiwo a bene."

Ta ƙare masa kallo. "Benen nan mai koren ƙofa?"

Ya gyaɗa kai.

"Ashe kai ne jakin!" Ta miƙo masa wani littafin. "Ungo na kifaye, mu ma mu samu barci."