Idona da Balan-balan ɗin Filin Jirgi

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, iyayena na zumuntar mata. Ba zan ja zance ba, ba kuma zan shafa masa zuma ba.

Kun san ina aiki a ofishin duba yanayi, a filin jirgi. Kowace safiya mukan saki balan-balan da ɗan akwati a rataye, ya hau sama yana auna zafi da laimar iska, ni ina rubuta wa Baturen ofis abin da ya aiko. Iskar da ke ɗaga shi a can ofishin ake haɗa ta, da soda mai cin fata, cikin tulun ƙarfe.

Ran nan tulun ya yi tsartuwa, sodar ta watso mini a ido. Wayyo! Malam Garba, mai cika balan-balan, ya juye mini butar alwalarsa a fuska yana cewa, "Ɗiyata, kada ki murza! Buɗe, buɗe!" Likita ya naɗe idon, ya ce sai bayan sati biyu za a san ko zan sake gani.

Ina kwance a Sabon Gari, Mama Saratu ta zo dubiya tare da wasunku. Me ta kawo mini? "To Rifkatu, kin ga ƙarshen leƙen asirin Allah? Masu hasumiyar Babila ma haka suka ƙare. Don yarinya ta yi boko sai ta ce za ta auna numfashin Ubangiji!" Wasunku kuka ce amin. Ido aka naɗe mini, ba kunne ba!

Na daina addu'a. Kwana tara ina tsine muku a zuci, ga shi na faɗa a gabanku. A na goma na durƙusa, ba da ladabi ba. Na ce, "Ubangiji, in ka hana a auna samanka, riƙe idon. In ba ka hana ba, ba ni abina, in kalli Mama Saratu."

Ran da aka kwance bandeji, haske ya soke ni kamar allura. Na ga rigar likita. Na ga yatsuna, biyar cif! Halleluya!

Mama, ga ki can a layi na biyu, da koren ɗankwali. Ina ganinki sarai. Na yafe miki, amma Yesu ne ya matsa mini, har yanzu da sauran zafi.

Godiya ga Allah, wanda ɗan akwatinmu bai ba shi tsoro ba. Ku dogara gare shi, ku bar yi masa gadin sama. Ran Litinin da ƙarfe bakwai zan saki balan-balan. Mai so ta ɗaga kai ta gani. Amin.